Filin Tambayoyinku: Jigilar Gulukos, Sukari da Zuma Daga Ƙasa Zuwa Ƙasa

Wasiƙun wannan watan yawancinsu daga masu masana'antun alawa da lemo suka fito, sai 'yan kasuwar sukari da masu tara zuma. Mun zaɓi shida, mun taƙaita su.

Assalamu alaikum. Ina da ƙaramar masana'antar alawa da minti. Shekara da shekaru ina sayen ruwan gulukos duro-duro a hannun dillalan Legas. Yanzu wani kamfani a Indiya ya yi min tayin ya riƙa turo min shi kai tsaye a cikin ƙatuwar jakar ledar nan da ake shimfiɗawa a kwantena, wai ita fileksitanki. Ya ce tana cin lita 24,000 kuma ta fi duro araha. In karɓa? Daga mai alawa, Sharaɗa, Kano.

Wa alaikumus salam, Alhaji. Batun araha gaskiya ya faɗa maka, tunda babu kuɗin duro tamanin, babu ɗawainiyar cika su ɗaya bayan ɗaya. Amma lita 24,000 ɗin nan ka ajiye ta gefe, lissafin man girki ne, ba na gulukos ba. Gulukos ɗin alawa, wanda ake rubuta wa DE 42, wato lambar da ke nuna yadda aka farfasa sitacinsa, kashi 80 zuwa 82 cikin ɗari na nauyinsa sukarin sitaci ne, ruwan cikinsa kaɗan ne, shi ya sa lita ɗaya take kai kilo 1.42. Buga 24,000 sau 1.42 ka gani: tan 34. Ita kuwa kwantena mai ƙafa 20, iyakar nauyin da ake rubutawa a ƙofar mafi yawansu kilo 30,480 ne, har da nauyin kanta, wanda ya haura tan biyu. Kamfanonin jiragen ruwa ma ba su cika yarda a wuce tan 24 ba idan kayan ruwa ne a jaka, domin ruwa ba ƙasa kaɗai yake dannawa ba, bango yake turawa. Tan 24 na gulukos lita 16,900 ke nan, saboda haka jaka mai lita 17,000 za ka nema.

Kada ka yarda a ce maka za a zuba tan 24 ɗin a cikin babbar jakar a bar ragowar fili. Jakar da ba ta cika ba, duk birkin da direba ya taka sai kayan su tafi gaba su dawo baya, ledar ta riƙa naɗewa tana gogar bango. Daga Apapa zuwa Kano kilomita dubu ne ko kusa da haka, ka san kuma halin hanyar. A irin wannan tafiya ne jaka take fashewa, ko bangon kwantena ya kumbura, a dawo ana binka kuɗin gyara.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba, a wajen saukewa ne. A masana'antar can da ɗuminsa ake ɗura shi, wajen digiri 50, yana gudu kamar mai. Kafin ya yi wata ɗaya ko biyu tsakanin teku da tasha ya huce, ya koma wani abu mai danƙo da in ka tsoma sanda ka ɗaga, zai biyo ta kamar igiya. Idan hunturu ya same shi a hanya, dare yana sauka ƙasa da digiri 15, ko motsi ba zai yi ba. Maganin wannan shi ne tabarmar ɗumamawa, wato tiyo da aka jera a kan shimfiɗa, ana tura ruwan zafi ko tururi marar ƙarfi ta cikinsa. A ƙarƙashin jakar ake sa ta, tun kafin a zuba ɗigo ɗaya. In an manta ta a Indiya, babu mai iya cusa ta a Kano ƙarƙashin tan 24. Ka sa a rubuta ta a cikin yarjejeniya, a kuma turo maka hotonta a shimfiɗe kafin lodi.

Ɗumamawar takan ci kwana ɗaya zuwa uku, kuma ba ta son gaggawa. Abin da ake nema kayan su kai digiri 45 zuwa 50. In aka cika wuta, gulukos ɗin da ke kwance a kan tabarmar zai fara ja tun na sama bai ji komai ba, sai farin mintinka ya fito da ruwan ɗorawa. Ledar ma ba ta son a wuce digiri 60. Famfon da zai ja shi kuma ba irin na ban ruwa ba ne mai farfela, wannan juyawa kawai zai yi a banza. Famfo mai haƙora ko mai kunnuwa biyu ake sa wa, wanda yake kamfatar kayan yana tura su, da tiyo mai inci uku, gajere gwargwadon iko. Wanda ya sauke da sanyi zai bar ɗaruruwan kilo manne a leda, arahar ta tafi a nan.

Abu ɗaya kuma da ya shafi rai: ƙofar dama kaɗai ake buɗewa, inda bawul yake. Ta hagu ita ce take tokare da allon da ya tare jakar. Ka gaya wa ejan ɗinka ya tsaya a kan wannan ranar duba kaya a tasha, ka gaya wa leburorinka ma. Ba a taɓa ƙofar hagu sai jaka ta zama fanko.

Akwai tankin ƙarfe mai girman kwantena, mai bututun tururi a jikinsa da rufin da ke riƙe ɗumi. Ya fi jaka ta kowace fuska in ban da tsada, tunda har kuɗin mayar da shi fanko za ka biya. Shi ma nauyi yana kama shi: ana so a cika tanki aƙalla kashi 80 cikin ɗari don kada kaya su riƙa kai-kawo, kuma kashi 80 na tanki mai lita 26,000 ya kai tan 29 da rabi na gulukos. Sai dai a nemi ƙarami ko mai shinge a ciki, a kuma karɓi takardar wanki da jerin kayan da ya ɗauko a baya. Wannan jerin shi ne zai nuna maka ko na abinci ne zalla, ko kuma ya taɓa ɗaukar giya ko kitsen da bai halatta ba.

Ra'ayinmu a taƙaice, in ba ka da tukunyar tururi, da famfon da muka ce, da tankin ƙarfe marar tsatsa da zai ci tan 30, ka zauna a kan duronka. Duro mai kilo 300 guda 80 su ma tan 24 ne a kwantena ɗaya, kana iya ɗumama biyu ka bar saura, kuma fankon ma kuɗi ne a kasuwa. Ko wanne ka zaɓa, izinin NAFDAC da Fom M, wato takardar shigo da kaya da ake cikewa a banki, su riga kayan tashi daga can, lambar kwastan kuma ta dace da abin da ke ciki. Gulukos da furuktos ɗinsa, wato irin sukarin 'ya'yan itace, bai kai kashi 20 ba, lambarsa 1702.30 ce. Kuskure a wannan lamba kaɗai ya isa ya zaunar da kwantena a tasha, kuɗin jinkiri yana hawa kullum.

Duro 80 na gulukos suka iso mana. Sun yi sati uku a filin tasha da damina. Da muka buɗe, goma sha ɗaya murfinsu ya kumbura, akwai kumfa a sama da wari kamar na tsohon kunu. Mai kaya ya ce lafiya lau ya sa su. Wa ke da laifi, kuma za su yi amfani? Daga wata manajar gidan biskit, Kaduna.

Hajiya, ruwa ba ya tsami banza, gulukos ma haka. Yana da kaurin da ƙwayoyin cuta ba sa iya rayuwa a cikinsa, domin sukarin ya riƙe ruwan. Akwai dai wani jinsin yis mai jure zaƙi da yake kwance yana jira. Da zarar saman kayan ya ɗan tsinke, ko da kaurin farce ne, sai ya tashi ya fara aiki, ya fitar da iska da barasa. Iskar ce ta kumbura murfin.

Ta hanya biyu ruwan yake shiga. Ta farko daga masana'anta: a cika duro da zafi a rufe nan take, tururin ya taru a cikin murfi, ya huce ya ɗiga a saman kayan. Ta biyu ita ce muke zargi a naki. Duron da ke tsaye a fili, ruwan sama yana kwanciya a kan murfinsa. Da rana iskar ciki ta kumbura ta fita ta gefen marfin toshiya, da dare ta huce, duron ya tsotsi abin da ke kansa, wato ruwan nan. Kwana ashirin ana wannan shaƙa da fitarwa, ya isa.

Ga yadda za ki bambance. Ki ɗebi samfur uku daga kowane duro, ɗaya daga sama, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙasa, da bututu mai tsabta busasshe. Ki auna su da ɗan madubin auna zaƙi, wanda ake ɗiga kaya a kai a leƙa. Idan tsakiya da ƙasa sun yi daidai da abin da ke takardar gwajin mai kaya, sama kaɗai ta faɗi, to ruwa ne ya shiga daga baya. Ki duba ko waɗannan goma sha ɗayan su ne na layin sama ko na gefe, ki duba zoben robar marfinsu da alamar tsatsa inda ruwa ya kwanta. Idan kuwa duron gaba ɗaya ya gaza, har waɗanda ba su kumbura ba, tun can aka ba ki tsinkakke, sai ki koma wa mai kaya da sakamakon ɗakin gwaji.

Waɗanda suka yi tsami ki ware su. Kada a kwashe saman a juye sauran cikin tankin da ke da mai kyau, yis ɗin zai zauna a tiyo da famfo ya riƙa kama duk abin da ya biyo baya. Marfin kumburarren duro a hankali ake sassauta shi, fuska a kauce. Nan gaba kuma, duro ya kwana a rumfa, in babu rumfa a rufe shi da tamfol ko a ɗan kishingiɗar da shi yadda ruwa ba zai tsaya a kai ba.

Muna haɗa lemo da ruwan zaƙin masara mai furuktos. A watan Janairu wanda ke tankinmu ya yi fari ya daskare a ƙasa kamar ƙanƙara. Ya lalace ne? Daga Bukuru, Jos.

Malam, bai lalace ba, sanyi ne. Da alama mai lamba 42 kake saye, wato mai furuktos kashi 42 cikin sukarinsa, wanda kashi 71 cikin ɗari ne kaurinsa. Gulukos ya fi yawa a cikinsa, kuma shi ne yake fita ya zama ƙwaya idan ɗumi ya yi ƙasa da digiri 30 na kwanaki. Tsakanin 30 da 35 ake ajiye shi. Mai lamba 55 ya fi shi haƙuri, yana zama lafiya a 25 zuwa 30. Ka ɗumama tankin a hankali zuwa wajen digiri 50 ana juyawa har ƙwayar ƙarshe ta narke, domin in ta rage ko kaɗan, ita ce irin da zai sake tayar da sauran. Ka yi sauri kuma, saboda ruwan da ya rage a sama bayan ƙwaya ta fita ya fi tsinkewa, yana iya tsami. A gari irin Jos, tanki da bututu duka sai da rufi.

Ina kawo sukari buhu-buhu ta tashar Lome zuwa Maraɗi. A tasha buhunan lafiya, sai bayan sun yi sati biyu a sito su dunƙule kamar dutse, sai an doka da ƙasa. Garinmu kuwa babu laima. Me ke kawo haka? Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi.

Alhaji, rashin laimar garin naku ita ce ta ƙarasa aikin, amma a bakin teku aka fara shi. Ƙwayar sukari idan iska ta cika danshi, wajen kashi 85 cikin ɗari, fatarta tana ɗan narkewa, ta yi wani siririn ruwan zaƙi da ido ba ya gani. A wannan lokacin buhu yana nan laushi, in ka taɓa ba za ka ji komai ba. Sai ya iso inda iska ta bushe, ruwan ya tashi, narkakken sukarin ya sake daskarewa a tsakanin ƙwaya da ƙwaya, ya ɗinke su. Nauyin buhunan sama kuma ya danne na ƙasa, ya zama bulo.

Danshin daga ina? Galibi daga zufar kwantena. An rufe ta da iskar tasha mai ɗumi da laima, rana ta gasa ƙarfen har cikin ya haura digiri 50, dare ya yi rufin ya huce, raɓa ta taru a silin ta riƙa ɗiga a kan layin sama. Kullum haka. Tunda aka rufe iyakar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yulin 2023, kaya suka koma bin Lome su ratsa Burkina Faso, suna jiran ayari da rakiyar sojoji ta Kaya da Dori zuwa Tera, kwanakin da sukari yake yi a rufe sun ƙaru sosai, zufar ma ta ƙaru.

Abin yi yana farawa daga sayen. Farin sukari mai lamba ICUMSA 45, wato ma'aunin farinsa, danshinsa bai kamata ya wuce kashi 0.04 cikin ɗari ba, kuma ya zama ya huce ya kwana biyu ko uku a rumbun masana'anta kafin a ɗura shi a buhu. Wanda aka ɗura da ɗuminsa yana fitar da danshi a cikin buhun. Buhun ya zama mai leda a ciki, ba saƙa kaɗai ba. Kwantenar kuma wakilinka ya shiga ya sa a rufe shi a ciki: in ya ga haske ko kamar ƙofar allura, a canja ta. Ya shinshina, domin sukari yana ɗaukar warin fenti, kifi ko sabulu. Daɓen katakon ya zama busasshe, ba wanda aka wanke da safe ba. A shimfiɗa takarda mai kauri a ƙasa da bango, a rataya jakunkunan gishirin tsotse danshi a ƙugiyoyin sama, a rufa wa layin ƙarshe takarda, a bar ɗan fili tsakaninsa da silin. Ba a lodi ana yayyafi.

Buhu 500 zuwa 540 masu kilo 50 kwantena take ci, tan 25 zuwa 27. Ka tuna da sikelin kan hanya na ƙasashen UEMOA, ƙungiyar masu kuɗin sefa ta Afirka ta Yamma, kafin ka ce a ƙara.

A sito, buhu ya hau katako, kada ya taɓa siminti, a bar taku ɗaya tsakaninsa da bango, wanda ya fara shiga ya fara fita. Dunƙulallen sukari in bai yi wari ko canja launi ba, ana sha. Masu burodi da masu lemo da za su narka shi suna saye, sai dai a ragi.

Wani ya turo min tayi ta WhatsApp: farin sukarin Burazil, tan dubu goma sha biyu da ɗari biyar duk wata, a farashin da bai kai rabin na kasuwa ba. Ya ce in fara biyan kuɗin rajista da na samfur. Ni kwantena biyu kawai nake so in shigo da su Najeriya. Daga Kantin Kwari, Kano.

Malam, riƙe kuɗinka. Farashin sukari ba ɓoyayye ba ne, kullum ana buga shi: na fari a kasuwar Landan ƙarƙashin kwantiragi mai lamba 5, ɗanye a Niyok mai lamba 11. Wanda yake da sukari a tashar Santos ta Burazil zai sayar da shi yau a wannan farashin ba tare da ya san ka ba, to me zai sa ya neme ka a waya ya ba ka a rabi? Wannan tsohuwar damfara ce, takardunta ma iri ɗaya ne, da tambarin kamfanonin bincike na jabu. Kuɗin rajistar shi ne cinikin gaba ɗaya.

Ko da na gaskiya ne, ƙofar ba a buɗe take ba. Tun da Tsarin Bunƙasa Sukari na Ƙasa ya fara aiki a 2013, ɗanyen sukari ake shigowa da shi bisa kaso, a tace shi a nan, kuma kason na kamfanonin da suka zuba jari a noman rake ne. A 2021 Babban Bankin Najeriya ya ambaci uku da ya amince su shigo da sukari: Dangote, BUA da Golden Sugar. Tataccen sukari daga waje harajinsa an yi shi ne don ya hana, wanda ke cikin ƙananan ƙunshi na kanti kuma an haramta shi. Ga sharaɗin sinadarin bitamin A da doka ta ce sai an sa wa sukarin gida. Kwantena biyu, dilan matata za ka nema.

Ƙungiyarmu tana tara zuma daga masu amya. Mun sami mai saye a Jamus da yake son kwantena ɗaya. Mun aika samfur ya ce HMF ya yi yawa, ruwa ma ya yi yawa. Zumarmu kuwa ko ɗigon sukari babu. Mene ne HMF, kuma me za mu gyara? In ta lalace a hanya inshora za ta biya? Daga shugabar ƙungiya, Gembu, Taraba.

Hajiya, mun yarda babu algus, amma shi mai sayen ba algus yake magana a kai ba tukuna. HMF wani sinadari ne da yake samuwa idan furuktos ɗin zuma ya sha zafi ko ya daɗe. Sabuwar zuma daga saƙa kusan babu shi. Ma'aunin abinci na duniya ya sa iyakarsa miligiram 40 a kilo, ya ɗaga wa zumar ƙasashe masu zafi zuwa 80, amma masu saye da yawa ƙasa da haka suke nema, tunda su ma za su ɗumama ta kafin su zuba a kwalba. Yadda yake hawa shi ne abin lura. Abin da zai ɗauki watanni a digiri 30, makonni kaɗan ne a digiri 40, a digiri 60 kuwa kwana ɗaya ko biyu. Wanda ya ɗora saƙa a tukunya kan wuta don ta saki, ko ya shanya jarka a rana, ya cinye kason tun zumar ba ta bar ƙauye ba. Zafin yana kuma kashe wani sinadarin da ake kira dayastes, wanda ake so ya kai 8 a ma'auninsa, kuma shi ma za su auna.

Ruwa kuma iyakarsa kashi 20 cikin ɗari, amma ku nemi 18 ko ƙasa, domin daga 19 zuwa sama tana iya tsami a duro kamar yadda muka bayyana wa mai biskit. Saƙar da ƙudan zuma suka toshe bakinta da kaki ita ce ta nuna. Wadda take buɗe ɗanya ce, ita take kawo ruwa. A wajen saye ku raba su, ku cire mai 'ya'ya da mai garin fure, ku auna kowane bokiti da madubin auna zaƙi a gaban mai shi, ku biya mai kyau fiye da marar kyau. Nan da kaka biyu za ku ga bambanci. Tacewa a yi ta da sanyi, a bar ta ta tsiyaye ta rariya cikin ɗaki a rufe. Masu kunna ciyawa su babbake amya kuma a koya musu abin hayaƙi, domin ƙaurin yana bin zumar har Hambog.

Zuma tana da ɗan tsami a halittarta, tana cin ƙarfe tsirara da kwanon rufi, ta yi baƙi. Duro mai lita 200 da aka shafe cikinsa da fentin da ba ya cutar da abinci ake sa ta, sabo ko wanda zuma kaɗai ya taɓa ɗauka. Yana cin kilo 290 zuwa 300, kwantena kuma takan ɗauki 64 zuwa 72 a kan katako, a ɗaure tam. Ku roƙi kamfanin jirgi ya sa ta a ƙasan jirgi, nesa da tankin mai da ake ɗumamawa, ku kuma tsara takardu yadda ba za ta yi sati biyu tana gasuwa a filin Legas ko Onne ba. In ta daskare a sanyin Turai ba aibi ba ne, suna da ɗakin narkarwa.

Kafin duk wannan, ku tambayi abu ɗaya. Tarayyar Turai tana ɗaukar zuma a matsayin abin da ya fito daga dabba, ba ta karɓa sai daga ƙasar da ke cikin jerin waɗanda ta amince da tsarinsu na sa ido kan ragowar magunguna, irin su Habasha, Tanzaniya da Zambiya. Daga ƙarshen Nuwamban 2024 kuma ita kanta ma'aikatar da ta tace zumar sai sunanta yana cikin rajistarsu. Ku sa mai sayen ya tabbatar muku a rubuce cewa ƙasar da za a rubuta a takarda da wurin tacewarku duka suna ciki, ku kuma bincika a Hukumar NEPC mai bunƙasa fitar da kaya waje, inda dama za ku yi rajistar fitar da kaya kafin ku cike fom NXP a banki. Ba wasa suke yi ba: a 2002 sun rufe wa zumar Sin ƙofa saboda ragowar maganin kuloramfenikol, sai 2004 suka buɗe. A 2023 kuma rahotonsu ya nuna kashi 46 cikin ɗari na samfur 320 da suka gwada a iyakokinsu ana zargin an haɗa su da ruwan sukari, don haka kowane duro naku zai sha gwaji. Mamba ɗaya ya zuba narkakken sukari a jarkarsa, kwantenar gaba ɗaya ta tafi. Zuma ke nan, ga zaƙi ga harbi.

Batun inshora, kada ku dogara da ita a nan. Ko mafi faɗinta, wadda ake kira sharaɗin A, ta cire asarar da ta fito daga halin kayan kansu, da ta jinkiri, da ta rashin kyawun mazubi. Tsami, hawan HMF da daskarewa duk a nan suke faɗawa. Abin da take biya shi ne duro ya fashe, kwantena ta faɗi, ruwan teku ya shiga, gobara ko sata. Mai sharaɗin C ma, wadda ita ce mafi ƙaranci da ake buƙata a cinikin CIF, wato wanda mai sayarwa yake biyan kuɗin jirgi da inshora, ko sata ba ta ɗauka.

Abin da zai tsare ku shi ne samfur. Ranar lodi a ɗebi uku daga kowane rukuni a gaban mai binciken kaya mai zaman kansa, a rufe da hatimi, ɗaya naku, ɗaya na mai saye, ɗaya ya zauna a hannun mai binciken. A rubuta a yarjejeniya cewa sakamakon tashar lodi shi ne abin dogaro wajen inganci, a ambaci ɗakin gwajin da za a koma wa in an yi saɓani. Ku jefa ɗan na'urar rubuta zafi a cikin kwantenar, ku ɗauki hoton lambar hatimin ƙofa. Idan kuma kaya suka isa da ɓarna, mai karɓa ya rubuta ta a takardar karɓa nan take, wadda ba ta fito fili ba kuma ya sanar da kamfanin jirgi da na inshora a rubuce cikin kwana uku, kada ya zubar ko ya juye komai sai mai bincikensu ya zo ya gani.